Kamiliyar Malam Na'ibi da Ƙasar Baƙi

Jawabin da Alhaji Ubale Saƙƙa ya yi a sadakar arba'in ta marigayi Malam Na'ibi Mai Lambu, a lambun gidan Sayyid Abdulghani da ke Ruwais, Jidda, bayan sallar la'asar, cikin watan Safar 1399.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda ya yi mu daga ƙasa kuma zai mayar da mu cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Shugaban jama'armu a Jidda, Alhaji Othman, Allah ya ƙara maka lafiya. Limaminmu, Malam Rafi'u, Allah ya gafarta Malam. Dattawan Ruwais, da 'yan'uwan da suka taso tun daga unguwar Masana'antu da kayan aiki a jikinsu, sannunku da zuwa. Hajiya Dela, matar marigayi, da ke bayan labule tare da mata, ya ƙarin haƙuri? 'Ya'yan marigayi, ɗana Hamad, 'yata Zakiya, ya haƙuri? Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ne Ubale. Shekara ashirin na yi ina ɗaukar garwa biyu a kafaɗa ina sayar da ruwa a lungunan nan, shi ya sa har yau ake ce mini Saƙƙa. Ba karatu ne ya tsayar da ni gaban Malam Rafi'u ba. An zaɓe ni ne don na fi kowa daɗewa da mamacin, na kuma fi kowa shan faɗansa.

Kafin in yi nisa, akwai abin da na lura da shi. Lambun nan ya cika, har wasu suna tsugune a rana, amma tabarmar can da ke gindin bishiyar ba wanda ya zauna a kanta. Bello, kai da ba ka jure rana, ga inuwa can, me ya hana ka? Kar ka sunkuyar da kai, ni ma ban zauna ba. Duk mun san abin da ake faɗa a kan bishiyar nan ƙasa-ƙasa, yau kuwa zan faɗe shi da ƙarfi, domin lokaci ya ƙure. Magadan Sayyid Abdulghani sun sayar da gidan, haƙƙinsu ne, ba mai ganin laifinsu. Ranar Asabar za a kawo katafila a rushe. Kwana shida suka rage. In ba a ɗauke bishiyar can ba, za a kwashe ta da ƙasar da ke gindinta a zubar a juji tare da ɓaraguzan bango. Ku ba ni aron kunnenku ku ji ko wace ƙasa ce.

Malam Na'ibi ya kasance mutum mai ɗanɗana ƙasa da harshe. Wallahi na sha gani. Zai tsuguna, ya ɗebo da yatsa biyu, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya, sannan ya ce, "Wannan gishiri ya cinye ta." Ya kasance mai ƙarancin magana da mutane, mai yawan magana da shuka. Ya kasance in ka taka masa ƙafa zai yafe, in ka taka masa kwami kuwa, ranar sai ka gwammace ba ka fito ba.

Yana ɗan shekara tara ya baro Rafin Kanya, kudu da Zariya, tare da mahaifinsa, a ƙafa. Uban ya rasu a hanya. Shi ya yi shekaru a gonakin auduga na Sudan, can fartanya ta cire masa ƙaramin yatsan ƙafar hagu. Ku riƙe wannan yatsa, zan dawo kansa. Daga baya ya ƙetaro teku, ya yi hajji, ya samu aikin lambu a gidan nan, ya auri Hajiya Dela. Kowace shekara in alhazai suna shirin komawa sai ya ce, "Mu ma baɗi za mu tafi gida." Shekara talatin ina jin wannan baɗi.

A 1375 Sayyid Abdulghani, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga Beirut a jirgin ruwa da 'yan bishiyoyi shida cikin gwangwanaye. Ya gan su ne a gidan wani abokin cinikinsa a kan tsauni, an jera su gefen hanyar shiga kamar shinge, ganye kore shar mai sheƙi, fure ja faɗin tafin hannu. Ya ce sunansu kamiliya, shi ma haka yake so ƙofar gidansa ta zama. Na'ibi ya dube su, ya dubi sama, ya ce, "Ya Sayyid, waɗannan 'yan sanyi ne. Jidda za ta dafa su." Sayyid ya ce, "Kai dai ka shuka. Yalla."

Ya shuka biyar a gefen hanya yadda aka umarce shi. Ta shidan ya ɓoye ta a rabin ganga, ƙarƙashin darbejiya, jikin bangon arewa, ya ɗora gangar a kan duwatsu don kada saiwa ta taɓa ƙasar Jidda. Kafin zafi ya wuce biyar ɗin nan sun tafi. Ganye ya yi rawaya, bakinsa ya ƙone, ya zube. Ta cikin ganga ta rage da ganye bakwai, su ma duk sun yi laushi.

Daga nan wahalata ta fara, jama'a. Bishiyar nan ba ta son gishiri. Ba ta son toka, ba ta son farar ƙasa, ba ta son ranar yamma. Ba ta son ƙishirwa, ba ta kuma son ruwa ya kwanta mata a gindi. Saiwarta a sama-sama take, ba a sa mata fartanya, sai yatsa. Ruwan da nake sayarwa, wanda manyan attajirai ke sha suna godiya, Na'ibi ya kurɓa ya tofar, ya ce ai ba zai ba ta wannan ba. Sai ruwan sama da ya tara a randuna, in ya ƙare sai ƙanƙara a narkar. Da zafi yakan rataye jiƙaƙƙun buhuna kewaye da ita don iska ta yi sanyi kafin ta iso. A 'yan shekarun nan, da na'urar sanyaya ɗaki ta shigo gari, ya jera gwangwanaye yana tarar ruwan da ke ɗiga daga bayanta, wai shi ba shi da gishiri. Na ce masa, "Na'ibi, ni uwata ba ta yi mini wannan hidimar ba." Ya ce, "Ai kai ba ka fure."

Wani kukun jirgi ya gaya masa cewa kamiliya 'yar'uwar ganyen shayi ce, kuma ƙasa mai ɗan tsami take so. Shi kenan, ya bi gida-gida da wuraren shan gahawa yana roƙon ganyen shayin da aka gama dafawa. Wane gida ne a Ruwais ba shi da gwangwanin Malam Na'ibi a bayan murhu? Mata, ku kuka fi ni sani. Duk shayin da muka sha a unguwar nan shekara ashirin da uku, ƙarshensa gindin bishiyar can.

Amma ba shayi kaɗai ne a gindinta ba, kuma nan ne maganar take.

Malam Na'ibi ya kasance mai wankan gawar baƙi. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya biya shi. Kun san yadda lokacin hajji yake. Tsoho zai yi shekara goma a hanya, ya iso, ya sauke farali, ya zauna jikin bango kusa da tashar jiragen ruwa yana jiran komawa, sai a wayi gari ya cika. Ba ɗa, ba ɗan'uwa, wani ko takarda babu. Sai a aiko wa Na'ibi. In mace ce, a aiko wa Hajiya Dela. Ya kasance yana tsakiyar cin abinci zai wanke hannu ya tashi. Ya kasance ba ya tambayar ko mamacin Bahaushe ne ko Bafillace ko Babarbare. Ya kasance shi ne dangin wanda ba shi da dangi, mu kuma muna gefe muna cewa Allah ya saka masa.

Yaran da aka haifa a nan, bari in gaya muku wani abu da ba ku sani ba. Mutanen da, masu tahowa a ƙafa, uwa takan ɗebi ƙasar ƙofar ɗakinta ta ƙulle a tsumma ta ɗaura wa ɗanta a ƙugu. In ya sauka garin da ruwansa bai karɓe shi ba, sai ya jefa ɗan kaɗan a ƙoƙo ya sha. Sauran kuma, in Allah ya mayar da shi, ya zube ta inda aka ɗebo. To, wanda ya mutu a nan fa? Likkafani ba ya ɗaukar kaya. Kuma wace zuciya ce za ta jefa ƙasar da uwa ta ƙulle a kwandon shara?

Ina nan tsaye, a shekarar da bishiyoyin suka zo, Na'ibi ya dawo daga wankan wani tsoho mutumin Bauchi, da ɗan ƙulli a hannu. Ya jujjuya shi, ya rasa inda zai ajiye. Sai ya kwance, ya zuba a gindin kamiliyar. Ja wur, irin ƙasarmu. Na ce, "Cikin tafin hannu ɗaya, me zai yi mata?" Ya kakkaɓe hannunsa ya miƙe. A makon nan ta fitar da sabon ganye. Shekara uku bayan haka, da sanyi, ta yi furen farko, Sayyid Abdulghani ya gayyato abokansa daga cikin gari suka zo kallo, wani ma ya murza ganyen don ya tabbatar ba na roba ba ne.

Tun daga nan duk ƙullin da ya rasa mai shi, nan yake zuwa. Ɗari biyu da bakwai, a lissafinsa. An sauya mata baho sau uku, ko ƙwayar ƙasa bai bari ta faɗi ba. Kowace safiya, yana ba ta ruwa yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana cewa Allah ya jiƙan wane. Waɗanda bai san sunansu ba ya ba su nasa: mutumin Gaya mai tabo a goshi, tsohuwa mai ƙoƙon duma, makaho mai carbi fari. Kullum da suna ɗaya yake farawa, "Ɗan Hanne," sannan tsohon Bauchi ya biyo. Na taɓa ce masa, "Ai tsohon Bauchi ne na farko, a idona aka yi. Wane ne Ɗan Hanne?" Ya ce, "Wani ne da ya riga shi." Ya ci gaba da ban ruwansa.

Yanzu zan faɗi abin da ya hana Bello zama a tabarmar can. Allah ya gafarta Malam, na ga ka gyara zama. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa, fassara kuma taku ce, ku malamai.

Na'ibi yakan zuba farin yashi kewaye da bahon, ya share shi da tsintsiya kowace hantsi, sumul. Wata rana bayan azahar na kawo ƙanƙara, sai na ga sawu a kan yashin. Sawun ƙafa ba takalmi, masu faso a dunduniya, irin ƙafar da ta ci hanya. Manya da ƙanana, sun kai goma sha. Ba su da hanyar shigowa, ba su da ta fita. A tsaye kawai suke gefen baho, dukkansu suna fuskantar yamma, wajen teku. Na yi dariya na ce, "Na'ibi, da girmanka kake wa mutane wasan yara?" Ya ce, "Gobe ka zo ka zauna."

Na zo. Ya share yashin a gabana. Muka zauna bakin ƙofar lambu, ita ce kaɗai hanyar shiga, rana tsaka, gari ya yi tsit, kowa na ƙailula. Ban ga kowa ba, wallahi ko kyanwa ba ta gifta ba. Amma can sai na ji wani ƙamshi. Kun san furen kamiliya ba shi da ƙamshi ko kaɗan, duk kyansa na ido ne. Wannan ƙamshin ƙasa ne, irin na ranar da ruwan farko ya sauka a garinmu. Rabona da jin sa tun ina saurayi. Hawaye suka zubo mini ban san dalili ba. Da muka tashi muka leƙa, ga sawu nan, sun fi na jiya yawa. Na juyo na dube shi. Na ce, "Su wane ne?" Ya ɗauki tsintsiyarsa ya ce, "Ban tambaye su ba. Inuwa suka zo sha, ba su taɓa ɓata mini komai ba."

Malam Rafi'u shaida ne, shi da kansa ya zo ya yi masa magana, kada abin ya zama wurin da jahilai za su riƙa zuwa neman tabarruki. Na'ibi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ban taɓa roƙon bishiya komai ba, ita ce ma kullum take roƙona ruwa. Ƙasar mutane ce a hannuna, ban san inda zan kai ta ba. In Malam ya san wurin da ya fi, ya nuna mini." Malam, ka tuna abin da ka ce? Ka ce ya ci gaba da addu'ar, ya bar sauran ga Allah.

Saura laifina. Shekara goma sha huɗu ina ɓoye shi, shi kuma mamacin bai taɓa tona ni ba. Wata shekara ya tafi Madina ziyara ta kwana tara, ya bar mini bishiyar cike da ƙunshin fure. Ya ja mini kunne: kada in ba ta ruwan famfo, kada kuma in juya bahon, domin kamiliya in ta ɗauki ƙunshi ba ta son a sauya mata fuska. Ita kuwa tun da take, gefen yamma take tara furenta, wajen kusurwar bango, inda ba mai gani. Ni da iyayina na ce ai wannan asara ce, bari in burge Sayyid. Na kira lebura uku muka juya bahon furen ya kalli barandar gida.

Washegari da hantsi na tarar ƙunshin ya zube gaba ɗaya, ko ɗaya bai rage ba. Da azahar na duba yashi, ba sawu. Na ce to, na kori baƙin ma, an huta. Na kama hanyar gida. Jama'a, a ƙofar gidana na same su. Tun daga bakin lungu har dokin ƙofa, sawu a kan sawu, duk suna fuskantar ɗakina. Matata, Allah ya jiƙanta, tana ciki tana tankaɗe, ta ce ba ta ji sallamar kowa ba. Ban shiga ba. Da gudu na koma, ni kaɗai na mayar da bahon da mutum huɗu suka juya, har yau bayana bai daina tuna mini ba. Da Na'ibi ya dawo ya ga ƙunshin a ƙasa, ya dube ni ya ce, "Sun same ka a gida?" Sai ya ɗauko fenti ya shafa wa bahon alama a gefen yamma. Ga ta can, kuna iya gani daga inda kuke.

Ban ce muku ga abin da zai faru ranar Asabar in katafila ta kwashe ta ba. Ban sani ba. Na dai san kowane gida a unguwar nan ya zuba shayinsa a gindinta.

Bayan hajjin bana ya wanke baƙi goma sha ɗaya, ya dawo ya ce jikinsa ba daɗi. Kwana huɗu ya yi a kwance. Ni na wanke shi, da hannuwan nan, yadda ya koya mini. A ƙugunsa na sami ƙullinsa, wanda duk mun sani, wanda yakan dafa in ya ce baɗi. Na ce to, wannan shi ne na ɗari biyu da takwas. Na kawo shi gindin bishiya na kwance. Farin yashi ne a ciki. Yashin Jidda, irin wanda muke takawa.

Na riƙe tsumman ina jujjuya shi. Sai na ji muryar Hajiya Dela ta tagar ɗakinsu, ga tagar can. Hajiya, ki yafe mini, kin ba ni izini in faɗa. Ta ce, "Alhaji Ubale, kar ka wahalar da kanka. Tasa tana ciki tun tuni. Ina da cikin Hamad wata bakwai na gan shi ta tagar nan, ya ɗanɗana ƙasar da ta zo manne da saiwar, ya ɗanɗana tasa, ya daɗe a tsugune, sannan ya juye. Ya cika tsumman da yashi don kada in gane." Na ce, "Hajiya, kin sani, kuma duk shekara yana ce miki baɗi?" Ta ce, "Ina ce masa Allah ya kai mu." Sannan ta ce, "Sunan surukata Hanne."

Allah sarki, Na'ibi. Shekara ashirin da uku kana tsaye kana nema wa kanka gafara a sahun baƙin da ba su koma ba, ni ina gefe da garwa ina tsokanarka.

Kwana arba'in ɗin nan ni nake ba ta ruwa. Sunayen ban riƙe ko ashirin ba, Hajiya ce ke karanto su ta taga ina cewa amin, ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na share yashin, na tafi masallaci, na dawo na leƙa. Suna nan yadda suka saba, suna kallon teku. Amma akwai sawu ɗaya a wurin da mai ban ruwa ke tsayawa. Ƙafar hagu, yatsu huɗu. Shi kaɗai ya juya wa teku baya, yana fuskantar ƙofar ɗakin iyalinsa.

Hamad, ɗana, ɗago ka dube ni. Na san ka kama wa mahaifiyarka gida a sabuwar unguwar Safa, hawa na huɗu, Allah ya yi maka albarka, ɗa nagari ke yin haka. Na san baho ba ya hawa bene. Da na yi maka maganar bishiyar ka ce mini, "Halas ya ammi, hadi shajara bas," wato bishiya ce kawai. Ban ji haushi ba. Na san abin da ke ranka. Kana ganin mahaifinka ya fi kula da ita a kanku, ya yi ta yi muku alkawarin gida bai kai ku ba, ya bar ku da iƙama, takardar zaman baƙo, a aljihu a garin da aka haife ku. Kana ƙarami ka taɓa tambayata, "Baffa, wen garinmu?" wato ina garinmu, sai na saya maka alewa. Yau ga amsar. Duk abin da ya rage muku na Rafin Kanya, ƙasar ƙofar ɗakin kakarku, yana cikin bahon can. Mahaifinka ya juye ta ne wata biyu kafin ka zo duniya. Bai gaya mini dalili ba, amma ni na ga inda ƙafarsa ke kallo.

Zakiya, 'yata, ke kika fi kowa kuka ranar da furen farko na bana ya faɗo. Haka take yi, ba ta barin fure ya bushe a jikinta, gaba ɗayansa yake faɗowa da kyansa. Kada ki ɗauke shi wata alama. Babanki yakan tsince shi ya mayar gindinta.

To, ga abin da na yanke. Ina da fili a gidana, ina da darbejiya da bangon arewa. Shekara goma sha huɗu ina tsoron sawun nan, har yau ban daina ba, ƙarya ba ta da amfani a gaban mamaci. Amma tun da abokina ya shiga cikinsu, ba zan rufe musu ƙofa ba. Sun ma san hanyar. Zan ɗauke ta. Mai yiwuwa furen bana ya zube a hanya, sai mu haƙura. Mata, kada ku yar da gwangwanayenku, ni zan riƙa zagayowa. Hajiya Dela, za ki zauna da Zakiya ki faɗa mata sunayen ta rubuta, domin ni kaina ba ya riƙo.

Abin da ba zan iya ni kaɗai ba shi ne ɗauka. Bahon yanzu sai mutum takwas, a ɗaga shi a hankali, alamar tana kallon yamma tun daga nan har gidana. Ba zan ruɗe ku ba, duk wanda ya sa hannu ban san abin da zai tarar a ƙofarsa ba. Ni na zama na ɗaya. Wa zai tashi?

Alhaji Othman, da shekarunka? Allah ya ƙara girma. Biyu. Usuman, uku. Saleh, huɗu, kuma motarka za mu yi amfani da ita. Ku biyun can na Masana'antu, ban san sunanku ba, Allah ya san ku. Shida. Bello! Kai da ka ƙi tabarma? To madalla, bakwai.

Saura ɗaya. Saura gefen yamma, inda alamar take.

Ba na gaggawa. Mamacin ya jira shekara uku kafin ta yi masa fure.

Allah ya gafarta Malam, zauna, na gode. Ba kai nake jira ba.

Alhamdu lillahi, takwas. Zo nan, Hamad. Zo, kar ka ji kunyar hawaye, duk wanda ke nan ya san ɗan wane ne kai. Miƙo hannunka. Tsumman babanka ne. Na zubar da yashin, na ɗebo kaɗan daga gindinta na ƙulle. Ba zan iya ce maka ta Rafin Kanya ce zalla ba, ta cuɗe da ta sauran mutum ɗari biyu da shida. Ka hau da ita hawa na huɗun.

Jama'a, na gode da haƙurinku, na ja ku da nisa. A madadin Hajiya Dela da 'ya'yanta, muna godiya ga duk wanda ya tako, da wanda ya aiko, da matan da suka tsaya kan tukwane tun safe. Muna godiya ga gidan Sayyid Abdulghani da suka bar mana lambun nan har yau. Masu ɗauka, gobe bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Na'ibi ɗan Hanne. Ya wanke bayinka da ba su da kowa, ka wanke shi daga zunubansa. Ya yi wa baƙi inuwa, ka sanya shi a inuwarka ranar da babu wata sai ita. Ka jiƙan tsohon Bauchi, da mutumin Gaya mai tabo, da tsohuwa mai ƙoƙon duma, da duk waɗanda suka taho ɗakinka ba su koma ba, ka saukar da su gidan da ba a sake tashi. Ka ba Hajiya Dela da Hamad da Zakiya haƙuri. Mu da muka rage, ka kyautata ƙarshenmu, a duk ƙasar da ka rubuta mana. Amin. A yi Fatiha.

Masu naɗe tabarmi, ku bar waccan ta gindin bishiyar sai gobe. In za ku fita kuma, ku bi ta hagu, kada ku taka yashin.